Wane Gundam Za Ka Fara Kallo: Na 1979, 00, Iron-Blooded Orphans Ko Witch from Mercury?

Wanda ya nemi Gundam a intanet da niyyar fara kallo, tarin sunaye ne za su tare shi: Zeta, Wing, SEED, 00, Unicorn, Origin da wasu da dama. Shirye-shiryen zane mai motsi ne da kamfanin Sunrise na ƙasar Japan yake fitarwa tun 1979, kuma babu lamba a jikinsu da za ta nuna na ɗaya da na biyu. Mutane da yawa sukan ɗauki wanda hotonsa ya fi burge su, su kalli kashi uku, su ji ana ta ambaton yaƙe-yaƙe da mutanen da ba a nuna musu ba, sai su ajiye suna cewa labarin ba shi da kai. Labarin yana da kai, ta tsakiya suka shiga.

Shirye-shiryen Gundam iri biyu ne. Akwai waɗanda suke cikin dogon tarihi guda da ake kira Universal Century, UC a taƙaice, wanda ya faro da shirin 1979, kuma kowane sabon shiri a cikinsa yana ɗora tubali a kan na baya. Akwai kuma masu zaman kansu, irin su 00 da Iron-Blooded Orphans da Witch from Mercury, kowanne da duniyarsa da kalandarsa da mutanensa, ba ya buƙatar ka san komai kafin ka fara. Don haka tambayar farko ita ce: labari kake so wanda za ka gama cikin awa ashirin ka rufe, ko wanda zai ci gaba da buɗe maka wasu har tsawon shekaru?

Abin da ya haɗa su duka shi ne injinan yaƙi masu siffar mutum, masu tsayin kusan mita 18, waɗanda matuƙi ke zama a cikinsu yana sarrafawa. Ba mutum-mutumi ne mai tunanin kansa ba. Makami ne kamar tankar yaƙi, yana lalacewa, harsashinsa yana ƙarewa, makanikai suna kwana a kansa. Kuma duk da zane ne, yawancinsu ba katun ɗin yara ba ne. Ana mutuwa a cikinsu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

Na 1979: asalin komai

Mobile Suit Gundam ya fara fita a talabijin ɗin Japan ranar 7 ga Afrilu 1979, Yoshiyuki Tomino ne ya ba da umarni, Yoshikazu Yasuhiko ya zana mutanen, Kunio Okawara ya zana injinan. An tsara shi a kan kashi 52, amma masu kallo ba su yi yawa ba, kayan wasan da mai ɗaukar nauyinsa ke sayarwa ma ba su karɓu ba, sai aka datse shi a kashi 43, ya ƙare a Janairun 1980. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne maimaita shi da aka yi a talabijin, da ƙananan samfuran roba na haɗawa da kamfanin Bandai ya fara sayarwa a Yulin 1980 a kan yen 300, sai finafinai uku da aka harhaɗa daga shirin a 1981 da 1982.

Labarin yana cikin shekara ta UC 0079. Jama'a da yawa sun koma zama a manyan matsugunai da aka gina a sararin samaniya. Rukunin da ya fi nisa da duniya ya kira kansa Zeon, ya ayyana 'yanci daga Gwamnatin Tarayyar Duniya, kuma cikin wata guda na farkon yaƙin rabin bil'adama ya halaka. Amuro Ray, yaro ɗan shekara 15 mai son kwance-kwancen na'ura, ya tsinci kansa cikin sabon injin gwaji na Tarayya a ranar da aka kai wa garinsu hari. Manyan hafsoshin White Base, jirgin Tarayya da ke ɗauke da injin, sun mutu ko sun jikkata, jagoranci ya faɗa hannun Bright Noa, ɗan shekara 19, jirgin kuma cike da 'yan gudun hijira da tsofaffi da ƙananan yara. A bayansu akwai Char Aznable, hafsan Zeon mai rufe fuska, da jan injinsa.

Shirin ya ba da dalilin da ya sa ake yaƙi da irin waɗannan injina, kuma dalilin yana aiki a cikin labarin. Akwai wasu ƙwayoyin zarra da ake watsawa a fagen fama, ana kiransu Minovsky, suna kashe na'urar hango jirage da sadarwar rediyo mai nisa. Makami mai linzami da ake sarrafawa daga nesa ya zama ba shi da amfani, dole sai an matso ido da ido. Shi ya sa matuƙi ɗaya mai basira zai iya juya sakamakon faɗa.

Ƙarfin wannan shiri yana cikin mutanensa. Amuro ba jarumi ne mai murmushi ba. Yana gajiya, yana ƙin fita faɗa, akwai lokacin da ya gudu da injin gaba ɗaya. Sojojin Zeon kuma ba dodanni ba ne. Ramba Ral dattijon soja ne mai mutunci da ka gani ka san ya fi yawancin shugabannin Tarayya kirki, kuma duk da haka abokin gaba ne. Duk wani Gundam da ya zo daga baya daga nan ya ɗebi wannan ɗabi'a.

Matsalarsa a fili take: zane ne na 1979 da aka yi cikin gaggawa da ƙaramin kuɗi. Fuskoki suna karkacewa, launi yana sauyawa tsakanin hoto da hoto, ana maimaita motsi ɗaya sau da yawa. Wajen ƙarshen shirin Yasuhiko ya kwanta asibiti, kuma ana ganin hakan a ingancin zanen. Ga kuma makaman da aka cusa don a sayar da kayan wasa, irin su G-Armor, waɗanda ba su dace da sauran labarin ba.

A nan ne zaɓi na biyu yake shigowa: kashi 43 na talabijin, ko finafinai uku? Kashi 43 kusan awa 17 ne. Finafinan kowanne ya haura awa biyu, jimilla kusan awa bakwai. A finafinan an cire G-Armor an sa jirgin Core Booster a madadinsa, an zubar da yawancin faɗace-faɗacen da ba su ƙara komai, an kuma fara shigo da zancen Newtype, wato mutanen da zaman sararin samaniya ya kaifafa wa fahimta, tun da wuri, alhali a talabijin sai can ƙarshe ya faɗo kamar daga sama. Fim na uku, Encounters in Space, an sake zana mafi yawansa, kuma har yau yana da kyan gani. Abin da ka rasa shi ne zama da mutanen jirgin. A talabijin akwai kashin da babbar damuwar jirgin ita ce gishiri ya ƙare a kicin, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa ka ji yunwa da gajiyar yaran. A finafinan wasu mutane suna shigowa su fita kafin ka riƙe sunansu, faɗan wani hafsan Zeon, M'Quve, da injinsa Gyan ma babu shi sam. Fim na farko shi ne mafi nauyin kallo, domin an jera faɗa bayan faɗa ba hutu. Dabarar ita ce a raba kowane fim zama biyu.

Shawararmu ga sabon mai kallo ita ce finafinan. Wanda ya gama su ya ji bai ƙoshi ba, talabijin ɗin yana nan. Idan ka ga kwafin da ke da kashi 42 maimakon 43, ba kuskure ba ne: kashi na 15 ne aka cire daga fitowar Ingilishi bisa buƙatar Tomino, kuma a 2022 Yasuhiko ya mayar da wannan labarin cikakken fim mai suna Cucuruz Doan's Island.

Gwajin awa uku

Wanda bai tabbata zai jure tsohon zane ba, akwai gajeren shiri a cikin UC da yake tsayuwa da ƙafarsa. War in the Pocket na 1989 kashi shida ne kacal, ƙasa da awa uku. Labarin Al ne, yaro ɗan shekara 11 a wani matsuguni da ba ya goyon bayan kowane ɓangare, wanda yake ganin yaƙi abin sha'awa ne har ya ƙulla abota da wani sabon sojan Zeon mai suna Bernie. Faɗa kaɗan ne a ciki, amma an zana shi da hannu da kulawar da ba kasafai ake samu ba. Abin da kawai kake buƙatar sani shi ne Zeon da Tarayya suna yaƙi kuma yaƙin ya kusa ƙarewa. Idan kashi na shida bai taɓa ka ba, da wuya sauran UC ya taɓa ka.

The 08th MS Team, kashi 12 da suka fito tsakanin 1996 da 1999, ya fi dacewa da mai son aikin soja na ƙasa: daji a kudu maso gabashin Asiya, laka, gyaran inji da kayan da aka tsinto, rukuni ƙarami da ke bin sawun abokan gaba da na'urar sauraren motsin ƙasa. Soyayyar da ke tsakiyarsa ta yi saurin ƙulluwa, amma faɗan kashi na 10 yana cikin mafi kyau a duk jerin.

00 da Iron-Blooded Orphans: nan zaɓin ya fi wuya

Waɗannan biyu tsawonsu ɗaya, zango biyu mai kashi 25 kowanne, kusan awa 20. Dukansu masu zaman kansu ne, zanensu na zamani ne, kuma jaruman dukansu yara ne da aka sa wa bindiga a hannu tun ba su mallaki hankalinsu ba. Daga nan suka rabu.

Gundam 00 ya fito daga Oktoban 2007 zuwa Maris 2009, Seiji Mizushima ya ba da umarni. Da kalandarmu yake aiki, shekara ta 2307. Man fetur ya daina zama ginshiƙin duniya. An gina manyan hasumiyoyi uku da suka kai sararin samaniya suna sauko da lantarkin hasken rana, kowace a hannun ƙawance ɗaya: na Amurka, na Turai, da na Sin da Rasha da Indiya. Hasumiyar Turawa a Afirka aka kafa ta. Ƙasashen da suka dogara da sayar da mai, musamman na Gabas ta Tsakiya, an bar su a baya cikin talauci da rikici. Mai kallo daga ƙasar da kasafin kuɗinta ke rataye a kan farashin gangar mai ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Cikin haka wata ƙungiya mai suna Celestial Being ta fito da Gundam huɗu, ta sanar da cewa duk inda aka tayar da yaƙi za ta afka wa ɓangarorin biyu har sai an daina.

Zangon farko yana ɗaukar wannan tambaya da gaske: za a iya kashe yaƙi da yaƙi? Yana nuna 'yan siyasa da ke neman amfani da ƙungiyar don cin ribar kansu, da sojojin kirki da ke mutuwa a hannunta, da ɗalibai biyu farar hula, Saji da Louise, waɗanda suke ganin abin a labaran talabijin ne kawai har ranar da ya iso kansu. Injinan huɗu kowanne da aikinsa: Exia na takobi, Dynames na harbi daga nesa, Kyrios mai rikiɗa jirgi, Virtue mai manyan bindigogi, don haka ba ka ruɗewa a faɗa. A kashi goma na farko Gundam sun fi kowa ƙarfi nesa ba kusa ba, wasu masu kallo sukan gaji da hakan. A daure zuwa kashi na 15, inda ƙawancen uku suka haɗa ɗaruruwan injina a hamadar Taklamakan, suka yi ta ruwan wuta na sa'o'i da nufin gajiyar da matuƙan tunda injinan ba sa gajiya. Daga nan shirin bai sake sassautawa ba.

Zango na biyu ya fi rauni. An tsallaka zuwa 2312, an kawo rundunar A-Laws wadda muguntarta ba ta da wani lulluɓi, sai duniyar da a da kowa ke da hujjarsa ta koma ta masu kirki da miyagu. Faɗan ya ƙara kyau, tunanin ya ragu. A wannan zango kada ka rufe da zarar waƙar ƙarshe ta fara, domin ana sa muhimmin yanki bayanta. Fim ɗin 2010 da ya rufe labarin ya shigo da halittu daga wata duniya, abin da ya raba kan masoya shirin har yau.

Akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a danna. Jarumin, Setsuna, ya taso ne a wata ƙirƙirarriyar ƙasa ta Gabas ta Tsakiya, inda wani sojan haya da bai yarda da komai ba ya yi amfani da sunan Ubangiji ya wanke wa yara ƙwaƙwalwa har suka kashe iyayensu. Mintunan farko na kashi na ɗaya suna nuna yaron yana furta kalmar yanke ƙauna daga samuwar Ubangiji. Shirin bai ambaci sunan wani addini ba, kuma laifin a kan mayaudarin ya ɗora shi, ya kuma kawo wani malamin addini mai son zaman lafiya a wani kashi. Duk da haka kalaman suna da nauyi a kunne, kuma ga iyalan da rikicin arewa maso gabas ya taɓa, hoton yaro da bindiga ba tatsuniya ba ne.

Iron-Blooded Orphans ya fito daga Oktoban 2015 zuwa Afrilun 2017, Tatsuyuki Nagai ya ba da umarni, Mari Okada ta jagoranci rubutu. 00 daga sama yake kallon duniya, daga ɗakunan taro da taswira. Wannan kuwa daga ƙasa yake kallonta. A duniyar Mars, wadda manyan ƙasashen duniya ke mulka suna tatsa, wani kamfanin tsaro yana ɗaukar marayu aikin da manya ba sa so. Ana yi musu tiyata a dasa musu wata na'ura a ƙashin baya wadda ke haɗa jijiyoyinsu da inji kai tsaye, don yaron da bai iya karatu ba ya iya tuƙi ba tare da horo ba. Wanda tiyatar ta ƙi shi ya nakasa. Wasu yaran ma sayo su aka yi kamar kaya. Da manya suka gudu suka bar su a bakin wuta, sai yaran suka ƙwace kamfanin a ƙarƙashin Orga Itsuka, suka sa masa suna Tekkadan, suka karɓi kwangilar raka wata matashiya mai fafutuka, Kudelia, zuwa duniya.

Faɗan nan daban yake da na kowane Gundam. Sulken injinan yana watsa makamin haske, don haka da ƙarfe ake yi: gatari, guduma, da ƙaton kulkin da Gundam Barbatos ke riƙewa. Ana murƙushe ɗakin matuƙi ne da mutum a ciki. Faɗan ba shi da yawa kamar na 00, akan yi kashi biyu ko uku ba a taɓa inji ba, ana zancen kuɗi da abinci da neman uban gida. Wanda ya zo don ganin tartsatsi kowane mako zai ƙosa. Wanda ya zo don mutane zai samu fiye da abin da ya nema: Kudelia tana koya wa yara rubuta sunayensu, Orga yana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsa, Mikazuki matuƙin Barbatos kuma yana kisa ba tare da fuskarsa ta motsa ba, yana biyan kowane ƙarin ƙarfi da wani sashe na jikinsa. Alaƙar Orga da Mikazuki, inda kowanne ke tura ɗan'uwansa gaba don kada ya ba shi kunya, ita ce zuciyar shirin, kuma ita ce masifarsa.

Zangon farko cikakken labari ne, ana iya tsayawa a kansa. Na biyu yana bin sakamakon zaɓin da yaran suka yi har inda ya kai su, ba ya yi wa kowa rangwame. Wasu suna ganin marubutan sun tilasta wa masu wayo yin wauta don a isa ƙarshen da aka tsara, kuma a wurare biyu ko uku suna da gaskiya. Mu dai muna ganin ƙarshen ya dace da duk abin da aka shuka tun kashi na uku. A kula: akwai harbin wanda aka ɗaure, akwai shan giya, akwai ishara ga cin zarafin yaro a tarihin ɗaya daga cikin manyan mutanen labarin. Ba na kallo da ƙanana ba ne ko kusa.

Tsakanin biyun, 00 ya fi zama amintaccen mafari, domin ya fi kama da sauran Gundam, faɗansa ya fi yawa, kuma idan ka so shi ka san za ka so wasu. Iron-Blooded Orphans ya fi shi zurfi a wajen mutane, amma wanda ya fara da shi yakan je sauran yana neman irinsa bai samu ba. Akwai kuma batun harshe. Da Japananci ake magana, fassarar Ingilishi tana gudu a ƙasan allo, kuma 00 cike yake da sunayen ƙasashe da ƙungiyoyi da dogayen jawaban siyasa. Wanda karatun Ingilishinsa ba ya sauri zai fi samun sauƙi da Iron-Blooded Orphans, inda yara ke magana gajera kai tsaye, ko kuma ya nemi kwafin da aka ɗora wa muryoyin Ingilishi, dukansu biyu suna da shi.

Witch from Mercury, da tsofaffi biyu a gurguje

The Witch from Mercury na 2022 zuwa 2023 shi ne mafi gajarta a cikin manyan, kashi 24, kusan awa goma, da wani kashin share fage mai suna Prologue wanda dole a fara da shi. Wanda ya tsallake shi ba zai gane dalilin da ya sa aka haramta Gundam a wannan duniya ba, ko abin da mahaifiyar jarumar take nema. Shi ne shirin talabijin na Gundam na farko da mace ke jagoranta, Suletta, 'yar ƙauyen sararin samaniya da ta shiga makarantar 'ya'yan masu manyan kamfanoni, inda ake warware kowace gardama da karawar injina. Zanensa ya fi na duk waɗanda aka ambata tsabta, kuma tunaninsa a kan fasahar da aka ƙirƙira don yi wa nakasassu gaɓoɓi aka mayar da ita makami yana da ƙarfi. Rauninsa shi ne zango na biyu ya tara zaren labari da yawa ya ɗaure su cikin gaggawa, rikicin talakawan duniya da attajiran sama bai samu filin da ya kamata ba.

Sai a sani a sarari: tun kashi na ɗaya Suletta ta ci karawar da ta sa aka yi mata baiko da wata yarinya, Miorine, kuma alaƙar matan biyu ita ce ginshiƙin labarin har ƙarshe, inda suka yi aure. Ba wani yanki ne da za a tsallake ba. Wanda wannan ya saɓa wa abin da yake kallo, ko iyayen da suka ga launuka masu haske da kayan makaranta suka ɗauka na yara ne, gara su sani tun yanzu. Ƙarshen kashi na 12 ma yana da jini sosai.

Gundam Wing na 1995, kashi 49, shi ya buɗe wa Gundam kasuwar Amurka a 2000. Injinansa suna da kyau, amma ƙungiyoyi suna sauya ɓangare har ka rasa wa ke yaƙar wa. SEED na 2002, kashi 50, ya sake gina ƙashin labarin 1979 da abokai biyu da suka tsinci kansu a ɓangarori masu gaba. Yana jan zuciya, sai dai yana yawan maimaita hotunan baya, kuma akwai wuraren tsiraici. Idan shi ka zaɓa, nemi gyararren kwafin HD mai kashi 48. Don yara kuwa, Gundam Build Fighters na 2013, kashi 25, gasa ce ta samfuran roba, ba a kashe kowa.

Data da allo

Kowane kashi kusan minti 24 ne. A ingancin 480p ka yi lissafin megabait 100 zuwa 200 a kashi ɗaya, wato gigabait biyar zuwa goma ga shiri mai kashi 50. A 720p ka ninka. Tsohon shirin 1979 da finafinansa layukansu masu kauri ne, launukansu a shimfiɗe, ba sa asarar komai a 480p a kan waya. Hotonsu mai kusan murabba'i ne, za ka ga baƙi a gefe biyu, kada ka ja shi ya cika allo domin fuskoki za su baje. 00 da Iron-Blooded Orphans kuwa suna da faɗa mai sauri a cikin duhun sararin samaniya, a ƙaramin inganci sai hoton ya farfashe ka kasa gane wa ya bugi wa, don haka su ne suka cancanci 720p. Tashar Gundam ta kamfanin a YouTube takan sa cikakkun shirye-shirye kyauta na ɗan lokaci sannan ta sauke ta sa wasu, kuma abin da ke buɗewa ya danganta da ƙasar da kake. Netflix da Crunchyroll ma jerinsu yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duba abin da ke samuwa a wurinka kafin ka biya.

Kada ka rubuta sunan wani mutum na labarin a YouTube ko Google kafin ka gama, domin shawarar farko da za ta fito sau da yawa ita ce mutuwarsa. A tsofaffin shirye-shiryen ma tallar kashi na gaba da sunan kashin kansa sukan faɗi wanda zai mutu, gara a tsallake su.

Inda aka fi yin kuskure a UC

The Origin, sassa shida daga 2015 zuwa 2018, yana ba da tarihin Char kafin yaƙin, kuma saboda zanensa sabo ne kuma shekarunsa sun riga 0079, mutane sukan fara da shi. Illa biyu ke nan. Yana tona asirin Char wanda shirin 1979 ke buɗewa sannu a hankali, sannan yana tsayawa daidai inda ainihin labarin zai fara, sai ka faɗo daga zanen 2018 zuwa na 1979 a lokacin da idonka ya saba da mai kyau. An kuma ɗauko shi ne daga littafin zane na Yasuhiko, wanda ya sauya wasu bayanai. Bayan finafinai uku ake kallonsa. Unicorn, sassa bakwai daga 2010 zuwa 2014, yana cikin UC 0096 kuma duk nauyinsa yana kan abubuwan da suka faru cikin shekaru 17 da suka gabace shi. GQuuuuuuX na 2025, kashi 12, tambayarsa ita ce me zai faru da yaƙin 0079 ya ƙare akasin yadda ya ƙare, wanda bai san asalin ba babu abin da zai gane.

Wanda finafinai uku suka kama shi, jerin da ke biye shi ne Zeta Gundam na 1985, kashi 50, a UC 0087, sai ZZ na 1986, kashi 47, sai fim ɗin Char's Counterattack na 1988, sai Unicorn, sai Hathaway na 2021. ZZ yana farawa da barkwanci da ya saɓa da baƙin ƙarshen Zeta, kusan kashi 20 kafin ya nutsu, kuma da yawa a nan suke tsallakewa, sai su isa Unicorn su kasa gane asalin Marida, ɗaya daga cikin matuƙansa, da abin da ya faru da Neo Zeon na farko, wato ƙungiyar da ta gaji Zeon. Dabarar da ta yi aiki a 1979 kuma ba ta aiki a Zeta: finafinansa uku na 2005 da 2006 sun gauraya tsohon zane da sabo, sun zubar da yawancin tsakiyar labarin, sun kuma sauya ƙarshen ta yadda ZZ ba zai iya biyo bayansu ba. Zeta a kashi 50 ɗinsa na talabijin ake kallonsa.